Sabon Badun: Unguwar Da Amana Ta Gina

Duk wanda ya sauka birnin Badun, babban birnin Jihar Oyo, ya gangara daga Mokola zuwa wajen filin wasa na Adamasingba, zai tarar da wata unguwa wadda in ba don tsatsar kwanon gidajenta ba, sai ya yi tsammani Fagge ya shiga. Ga masu tsire, ga 'yan tireda, ga Hausa tana tashi ta kowace kusurwa. Wannan ita ce Sabo.

A shekarar 1916 aka kafa ta. Kafin nan fataken Arewa a gidajen Yarbawa suke sauka cikin gari. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, baƙi suka yawaita, sai hukuma ta yanka musu wannan fili, aka naɗa musu sarkinsu.

Shanu da goro su ne suka raya Sabo. Shanun Arewa ba sa jure ƙudan tsando na kurmi, saboda haka tilas a sayar da su da wuri, ga shi kuwa mahautan gari da bashi suke saye. To, ina baƙo zai san wanda zai biya da wanda zai cinye? Nan ne mai gida yake shigowa. Shi zai ba falke masauki da abinci, dillalansa su samo masu saye, shi kuma ya tsaya lamuni. Haka nan shi ke sayen goro daga manoman Yarbawa, a ɗaura huhu a aika Arewa. Daga la'adar gida guda dillali yake ci, da mai rubuta lissafi, da ɗan dako, har da matan kulle masu dafa abincin sayarwa. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya iske mutanenta sun ɗara dubu huɗu kaɗan, kuma galibinsu da wannan ciniki suka dogara.

Amma zamani riga ne. Manyan motoci da banki da wayar hannu sun rage bukatar masauki, karar shanu kuma ta koma bayan gari. Tun da darajar naira ta faɗi a 1986, canjin kuɗi ya zama sana'ar da aka fi sanin Sabo da ita. Mazaunanta ma sun gauraya: ban da Hausawa akwai Fulani, da Barebari, da Nufawa, da mutanen Nijar, da Yarbawa masu shaguna. An yi auratayya, an haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda Yarbanci yake zuba a bakinsu kamar Hausa, wasunsu ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa ta haura shekara ɗari ba ta bushe ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne tazarar samu. Ga alhaji mai canji da benensa, 'ya'yansa suna jami'a, ga kuma samari cunkushe a ɗakin haya guda, wannan yana acaɓa, wancan yana gyaran takalma. A da, sabon zuwa yana da ubangidan da zai ci da shi, ya tsawata masa, ya tsaya masa gaban hukuma. Yau da yawansu ba su da kowa.

Rikicin kasuwar Sasa, can wani gefen Badun, a watan Fabrairu na 2021, wanda ya ci rayuka da dukiya, ya nuna yadda ƙaramar gardama takan zama gobara. Saboda haka ya wajaba ga sarakuna da attajiran Sabo su sa yaran nan makaranta, su koya musu sana'a, su kuma riƙa zama da shugabannin gari tun kafin ta ɓaci. Amana ce jarin da kakanni suka zo da shi kurmi, kuma ita kaɗai ce ba ta faɗuwa kamar naira. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.