Littafin Cefanen Gidanmu

Da yawa daga cikinku sun sha tambayata dalilin da ya sa na daina bin layin mai biskit da lemo idan an fita tara, har wata ƙawata ta ce ko azumin nafila na ɗauka ban faɗa ba. Ba azumi ba ne. Tunda an ce a wannan fitowar kowa ya rubuto abin da ya gani da idonsa, ban da wanda aka kwafo daga waya, to ga nawa.

Mu tara ne a gidanmu: Baba da Umma, mu shida, sai Iya kakarmu da ta dawo wurinmu daga ƙauye bayan rasuwar kakanmu. Baba ma'aikaci ne mai jiran albashin ƙarshen wata. A ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin ina ƙaramar sakandare, aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, kuma a jawabinsa ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Ni a lokacin ban ga abin da ya haɗa mu da maganar ba, tunda ko babur ba mu da shi. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Sai a hankali na gane cewa tumatir da gero da albasa ba da ƙafarsu suke zuwa Kano ba, mota ce ke kawo su.

Wani dare bayan isha'i ina wanke-wanke a bakin rijiya, na jiyo Umma tana cewa Baba, "Malam, yau wata sha takwas, kuɗin cefane sun ƙare, ga bashin mai shago na wancan watan ba a biya ba." Baba ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce shi abin da ke hana shi barci kuɗin jarrabawar fita sakandare ne, don idan aka ci gaba a haka bai san inda zai samo su ba in lokaci ya yi. Ni ce 'yar fari, don haka ba sai an ambaci suna ba, na san da wa ake. Na ƙarasa wanke-wanken a hankali don kar kwano ya yi ƙara su san na ji.

Washegari Umma ta ce, "Ke, zo nan. An ce kin iya lissafi ko?" Umma ba ta kiran sunana saboda kunyar 'yar fari. Ta miƙo mini wani tsohon littafin rubutu da aka yage rabinsa, ta ce daga yau duk abin da aka sayo a gidan nan, ko ashana ce, in rubuta shi da kuɗinsa.

Na yi wata guda ina rubutawa, kuma abin da littafin ya nuna ya ba mu mamaki. Mun zaci shinkafa ce ke cinye kuɗin, ko nama, alhali naman ma sai jefi-jefi. Ashe ƙananan aike ne. A rana ɗaya sai a aiki yara shago sau biyar ko shida: tumatirin leda, dunƙule, ƙullin mai, ƙullin sukari, madarar leda, burodi. Kowanne ka kalle shi shi kaɗai kamar ba komai ba ne. Da na haɗa ƙullin man da muka saya a wata, na gwada da kuɗin kwalba, sai na ga mun biya kuɗin da ya fi na man da muka ci nesa ba kusa ba. Mai shago ba cutarmu ya yi ba, shi ma ya sayi leda, ya ɓata lokaci yana ƙullawa, kuma yana ba mu bashi ba tare da ya taɓa ɗaga mana murya ba. Sai kuɗin tara. Mu biyar ke zuwa makaranta, kowa naira 100, kwana biyar a mako, mako huɗu. Ku buga ku gani, naira 10,000 ke nan. Da na nuna wa Baba sai ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

Abin da aka fara gyarawa shi ne hatsi. Kowa ya san da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, hatsi ya fi sauƙi, sannan ya yi ta hawa har tsakiyar damina. Matsalar ita ce ba mu da kuɗin buhu a dunƙule. Sai Umma ta yi magana da maƙwabtanmu biyu, aka haɗa kuɗi, Kawu ƙanin Umma ya tafi kasuwar Dawanau da ke hanyar Katsina ya sayo buhun masara da na gero da na wake, aka zo tsakar gidanmu aka raba da kwano. Ko da na saka kuɗin mota da na 'yan dako a lissafi, kowane kwano ya zo mana ƙasa da yadda muke awo a unguwa.

Waken ne ya koya mana hankali. Muka bar namu a cikin buhu a kuryar ɗaki, bayan wata biyu aka buɗe, ƙwari sun huda shi kamar rariya. Umma ta zauna a kan tabarma tana kallonsa, ban taɓa ganin ta yi shiru irin na ranar ba, domin kuɗin adashinta ne a ciki. Wata ta ce a zuba masa maganin ƙwari, Iya ta ce sam, ba za a sa wa jikokinta guba a abinci ba. Muka shanya shi a rana, muka tsince, wanda ya huje aka yi ta alala da ƙosai da shi har muka gaji. Sauran aka ɗura a busasshiyar jarka har baki, aka sa leda aka murɗe murfin tam. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke yi. Wannan waken ya kai mu har bayan sallah lafiya lau.

Sai tumatir, wanda shi ne ya fi cin rai. Da sanyi, wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani ke shigowa daga Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ba gonaki, tumatir yakan yi arha har ka ga yana ruɓewa a kasuwa. Da ruwa ya sauka kuma sai ya zama sai wane da wane. Ranar wata Asabar na raka Kawu kasuwar Yankaba. Ya ce mu bari sai rana ta yi, domin ɗan gwari ya san kayansa ba sa kwana, idan ya ga masu sari sun watse yakan sauko. Na tsaya ina kallon ciniki: Kawu ya taya, mutumin ya ce albarka, muka yi kamar za mu wuce, ya kira mu ya sallama, har da gyaran attaruhu. Ni da ce da tun farashin farko na biya, don kunyar tayi nake ji. Abu ɗaya da Kawu ya hana shi ne ɗaukar wanda ya fashe ya fara farin gashi, komai arharsa. Ya ce abin da ka rage a kasuwa za ka kai shi asibiti.

Muka yanka kwandon nan gaba ɗaya, muka baza a tabarma a saman soro, muka rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙura da ƙuda. Kauda ke nan. Na farko da muka yi mun yi gaggawar kwashewa bai gama bushewa ba, muka ƙulle a leda, wani sashe ya yi funfuna aka zubar. Iya ta ce sai ya bushe har ka ji yana ƙaras a hannu. Da damina ta zo, maƙwabta na kukan tsadar kayan miya, mu sai a jiƙa kauda a ruwan zafi, a haɗa da albasa da busasshen tattasai a kai markaɗe. Gaskiya miyar takan yi duhu, kuma ɗanɗanonta ba ɗaya da na ɗanye ba. Ƙanina har yau yana ce mata miyar makoki. Amma yana cinye tuwonsa, har ya nemi ƙari.

Maganar dunƙule ce ta jawo rigima tsakanina da Iya. A littafi na ga muna jefa shida ko bakwai a rana. Iya ta ce, "Kishiyata, mu da muka tashi da daddawa mun mutu ne?" Ta sa aka auno mata kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa. Aikin daddawa ba wasa ba ne. Sai an dafa kalwar kusan yini guda kafin ta yi laushi, a surfa ta a turmi ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a kwando a lulluɓe a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so. Bayan nan a kirɓa, a yi mata fale-fale, a shanya. Warin kuwa, Allah ya kiyaye. Kayan makarantata suna kan igiya a ranar, kuma wadda ke zama kusa da ni a aji ta san sauran labarin, don sai da ta tambaye ni ko ɓera ne ya mutu a jakata. Na dawo gida ina kuka na ce ni ba zan ƙara taɓa kalwa ba. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Bari a kaɗa kuka da ita tukuna, in ga ko za ki yi zuciya." Ban yi zuciya ba. Yanzu dunƙule biyu muke sawa, wani lokacin ɗaya.

Ba duk abin da aka yi a gida ne ke zuwa da sauƙi ba, wannan ma littafin ne ya faɗa mana. Umma ta ce mu gwada yin man gyada. Muka soya gyaɗa, aka kai inji, muka yini muna murza tunkuza. Da na haɗa kuɗin gyaɗa da niƙa da itace, sai na ga man da muka samu bai fi na kasuwa arha ba. Masu yin sa suna cin riba ne daga ƙuli-ƙuli, mu kuwa yara sun cinye namu kafin magariba. Sau ɗaya muka yi, muka haƙura. Haka burodi, ba mu ko gwada ba, muka koma koko da kunun tsamiya da ɗumame da safe.

Wanda ya fi komai yi mana rana shi ne waken suya. A jiƙa shi, a markaɗa, a tace, a dafa ruwan, a zuba ruwan tsami na gasara, sai ka ga ya dunƙule, a juye a ƙyalle a danne da dutse. Awara ke nan. Kwano ɗaya yana isar mu kwana da kwanaki, dusar kuma ta tafi wurin kajin Iya. Malamarmu ta kimiyya ta taɓa gaya mana cewa waken suya na cikin abincin da ya fi gina jiki, don haka ko nama ya yi wuya ba mu rasa duka ba. Ita ce nake zuwa da ita a 'yar roba, da zoɓo a gorar da aka wanke. Makon farko a bayan aji nake ɓuya in ci, kamar wadda ta yi sata. Ban san me ya sa abin leda yake sa mutum ya ji shi wani ne ba, abin gida kuma ya ji kunya. Ranar da wata ta kama ni ta ce in ɗan san mata, washegari su uku suka zo.

Akwai abin da ba ya shiga littafin. Hannun Umma ya yi kanta saboda tata da surfe, kuma ni rabona da barcin safiyar Asabar na manta. Wani lokaci ina yankan tumatir ina tuna cewa akwai aikin gida da ban yi ba. Sannan dabarar nan sai da ɗan abin hannu. Akwai wata baiwar Allah a layinmu da mijinta ke fita leburanci, abin da ya samo a ranar shi za a ci, ba ta da halin shiga haɗakar buhu. Ita ce ta fi mu buƙatar sauƙin, kuma ita ce ke sayen komai a ƙulli da tsada. Umma takan auna mata masara a kan farashin da muka saro, ta biya kaɗan-kaɗan, amma iyakar abin da muke iyawa ke nan.

Bashin mai shago an biya shi tuni, kuma kuɗin cefane yanzu suna kai mu wajen ashirin da bakwai ga wata, wani lokacin har ƙarshe. Abin da ya ragu Umma tana jefawa a asusun katako da ke ƙarƙashin gadonta, ni kuma ina rubuta shi a shafin baya. Kuɗin jarrabawar ba su cika ba tukuna, amma sun wuce rabi. Jiya Kawu ya aiko cewa tumatir ya fara faɗuwa a Yankaba, Iya kuma ta ce in duba gidan sauron nan, ta ga kamar ɓera ya huda shi, a ɗinke kafin Asabar.