Ginin da masu wasa suka yi wa rufi

Wani saurayi a Birnin Ƙonni ya share makonni yana buga Knights of the Old Republic II a tsohuwar kwamfutar wansa. Da ya kai ƙarshe, sai ya iske labarin ya katse, tamkar ginin sumuntin Malbaza da aka bari babu rufi. Kamfanin Obsidian ne ya ƙirƙiri wasan, aka fitar da shi cikin gaggawa a 2004, alhali muryoyin da aka cire suna kwance cikin faifan. Masoyan wasan suka tono su, suka mayar da su mazauninsu, suna rabawa kyauta tun 2009. Kamfanin Aspyr kuwa, a 2022 ya yi wa masu Switch alkawarin wannan gyara, jama'a suka saya, a 2023 ya ce ya fasa.