Rigar abinci

Abinci ba ya tafiya tsirara. In zai bar murhu ya tafi gona, ko kasuwa, ko gidan maƙwabta, sai an sa masa riga. A da, rigar tuwo akushi ne, da faifai bisa. Rigar fura ƙwarya ce. Goro yana zuwa daga kudu cikin huhu, an lulluɓe shi da ganye don kada ya bushe. Kowace mace ta san ƙwaryarta, saboda zanen da ke jikinta. Ko ƙwaryar ta kwana gidan biki, za a mayar wa mai ita.

Yau a birane kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, mutane da yawa ba su komawa gida cin abincin rana. Ma'aikaci yana wurin aiki, direba yana tasha, ɗan kasuwa yana rumfa. Sai su aika a sayo musu. Ɗan aike ba ya zuwa da kwano, kuma in an ba shi na mai abinci ba ya dawowa da shi. Dole mai gidan abinci ya nemi mazubin da za a tafi da shi ke nan.

Wata Hajiya tana da gidan abinci kusa da tasha a Maraɗi. Da safe tana suyar ƙosai. Da rana akwai shinkafa da miya, da dambu, da soyayyar kaza. Shekara da shekaru tana zuba wa masu saye cikin baƙar leda, ƴan kabu-kabu suna kai musu. Sauran masu abinci na layin su ma baƙar leda suke zubawa. In abinci ya yi daɗi, wanda ya ci bai san wa zai yaba ba. In ya yi tsami, sai a ce na Hajiya ne, don ita ce aka fi sani. Ta ga cewa sunanta yana hannun wasu. Sai ta yi niyyar yi wa abincinta rigar kansa.

Abu na farko shi ne zaɓen mazubi.

Leda ta fi kome araha. Wani injiniya na ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake riƙewa da hannu, aka yi mata rijista a shekarar 1965. Ba ta yoyo, ba ta da nauyi. Amma ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana toshe magudanan ruwa, da damina ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa. Awaki suna cin ta saboda ƙanshin miya, ta dunƙule cikin tumbinsu, su yi ta ramewa. Mahauta sun san wannan, don suna samun ta in sun yanka dabba. Ruwanda ta hana leda a shekarar 2008, Kenya a 2017. A Nijar, dokar watan Nuwamba 2014 ta hana yin leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Duk da haka ba ta ɓace daga kasuwanni ba. Hajiya tana kiwon jajayen awaki a gida. Ba ta so sunanta ya hau abin da ke kashe su.

Akwai tsohuwar jarida, wadda wasu ke ƙunshe ƙosai a ciki. Mai zafi yana narkar da tawada, ta bi abinci. Saboda haka ne Indiya ta yi doka a 2018, ta hana ƙunshe abinci cikin jarida. Akwai takardar buhun siminti. Tana da ƙarfi, amma ba don abinci aka yi ta ba, ƙurar siminti tana maƙale mata. Akwai kuma farin mazubi mai kama da kumfa. Yana riƙe zafi, amma shi ma ba ya ruɓewa, kuma iska tana farfasa shi ta watsa ko'ina. Kamfanin McDonald's na Amurka ya daina zuba burodinsa da nama a cikinsa tun 1990. Jihar Legas ta Najeriya ta hana shi a watan Janairu 2024.

Saura sabuwar takarda mai ruwan ƙasa, wadda ake kira kraft. Da Jamusanci kalmar tana nufin ƙarfi. Ana yin jaka da ita, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wadda ke tsayawa da kanta a zuba mata kaya. Wata mace ce ta Amurka, Margaret Knight, ta ƙera injin da ke naɗe irin wannan jaka, ta sami takardar mallakarsa a 1871. Saura kuma kwali, da ɗan kwanon alminiyam mai marfi.

Hajiya ba ta tsaya ga abin da aka gaya mata ba, don gani ya kori ji. Ta sayo kaɗan daga kowane iri. Ta zuba abinci, ta ba wani ɗan kabu-kabu, ta ce:

— Ɗana, ka tafi har bakin gari ta hanyar da ta fi ramuka, ka dawo mini da su.

Da ya dawo aka buɗe. Miya ta jiƙa takarda, ta yage ta. Ƙosan da aka rufe ruf cikin kwali ya yi laushi, don tururi bai sami hanyar fita ba, ya koma ruwa. Wanda ke cikin jakar takarda yana nan da ƙarfinsa. Shinkafa da miya cikin kwanon alminiyam ba su zube ba, kuma da sauran zafinsu. Nan Hajiya ta gane cewa riga ɗaya ba ta isar kowane abinci. Abin suya yana son takarda da ƴar kafar shan iska. Abin miya yana son marfi.

Abu na biyu shi ne abin da za a rubuta.

Ɗiyar Hajiya tana aji biyar a lakwal, inda ake karatu da Hausa da Faransanci. Ita aka ba aikin zane. Ta zana kaza, da kifi, da albasa, da tukunya, da rana tana fitowa. Ta sa launi biyar. Aka kai wa wani mai zanen alluna na bakin kasuwa. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce:

— Yarinya, hannunki yana da kyau. Amma mai saye ba ya zama ya kalli jaka. Ido ɗaya zai yi mata, yana tafiya. Hajiya, kuma ki sani, wajen bugawa kowane launi da nasa zagaye, kowane zagaye da nasa kuɗi.

— To Malam, me za a bari? in ji Hajiya.

— Abu uku: hoto guda, suna, da lambar salula.

Hoto ya zo farko, don ba duka masu saye suka iya karatun boko ba. Wanda bai iya karatu ba yana iya ce wa ɗan aike: ka sayo mini na mai tukunya. Aka zaɓi tukunya bisa duwatsu uku na murhu. Aka zaɓi launin shuni, wanda ke fita sosai bisa takarda mai ruwan ƙasa. Lambar salula a Nijar tana da alƙaluma 8. Aka rubuta su manya, biyu-biyu, yadda dattijo zai karanta ba tare da tabarau ba.

Sai maganar harshe. Maigidan Hajiya ya ce a sa Faransanci kaɗai, wai ya fi kama da na manya. Wani dattijo mai cin abinci a wurin ya ce a sa ajami, don shi ne karatun da ya sani. Yarinya ta ce:

— Inna, jakar tana da fuska biyu. Me zai hana a raba?

Haka aka yi. A gaba aka sa sunan gidan da boko da ajami, da kalmomin « Maraba da baƙi ». A baya aka sa « Bon appétit ». Da mai zane ya kawo gwaji, yarinya ta ga ya manta lanƙwasar ƙ da ta ɗ. Ta ce:

— Baba, ai baƙi daban, baki daban. Kuma garinmu Maraɗi ne.

Mai zane ya yi dariya, ya gyara.

Abu na uku shi ne kuɗi. Gidan buga takardu ba ya tada inji don jaka 100, sai dubbai. Hajiya ba ta da wannan jari, kuma ba ta san ko zanen zai karɓu ba. Sai aka sassaƙa mata hatimi na roba. Da dare yara suna buga shi bisa jakunkuna, a waje kaɗai, ba inda abinci ke taɓawa ba. Su shanya su har tawada ta bushe. Yarinya ta yi lissafi: in jaka guda dala 5 ce, abinci kuwa na dala 100, to riga ta ci kashi ɗaya cikin 20 na kuɗin. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramar riba. Hajiya ta yi shiru, ta ce araha ba ta ado. Amma ta samo dabara: duk wanda ya zo da langarsa daga gida, ana rage masa kuɗin mazubi.

Sa suna bisa abinci ba wasa ba ne, har ga ƙasa ɗungum. A shekarar 2023, ƙungiyar OAPI, mai kare sunayen kayan ƙasashen Afirka, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rijista. Wanda zai sayar da kaya da waɗannan sunaye, sai ya bi ƙa'idodin yin su. Abin da ya hau kan kilishi, shi ya hau kan tukunyar Hajiya.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Tun da tukunya mai shuni ta hau takarda, masu saye sun san ƙofar da za su koma. Masu yabo sun san ta, masu ƙorafi ma sun san ta. Shinkafar jiya ba ta da hanyar shiga jaka mai suna. In an ga jakar yashe a bakin titi, sunan Hajiya ne a ƙasa, shi ya sa ta ajiye garwar shara a ƙofar gidan abincin. Baƙar leda ba ta kowa ba ce, ba wanda ake tambaya. Jaka mai suna kuwa alkawari ce, kuma mai ita zai cika shi kowace rana.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙosan da ke cikin kwali ya yi laushi?
2. Don me aka sa hoto kafin suna?
3. In jaka guda dala 5 ce, nawa ne kuɗin jaka 60?

Aiki

Kowane ɗalibi ya zana jakar mai waina ko mai tsire na unguwarsu, da hoto guda, da launi guda, da rubutu cikin harsuna biyu.