Ruwa da Dawakai a Cikin Salula

Wata ranar Talata cikin hunturu, a wata makarantar sakandare ta garin Magarya, malamin tarihi ya kama salula a hannun wani ɗalibi mai shirin jarrabawar BEPC. Yaron ɗan ƙanwarsa ne, wanda aka kawo daga wani ƙauye na yankin Dungas aka damƙa masa amanarsa domin karatu. A aji shi ne na can baya, jikin bango, wanda ko sunansa aka kira sai ya sunkuyar da kai. Da malamin ya dubi gilashin wayar, sai ya ga wani mutum riƙe da bindiga yana gudu cikin ciyawa. Ya jefa ta aljihu bai ce uffan ba.

Bayan sallar isha'i aka yi masa sallama. Samari uku ne: yaron wani tela, da ɗan kabu-kabu, da mai shagon cajin waya na bakin tasha. Suka durƙusa suka gaishe shi, sannan babbansu ya ce: "Mushe, a yi mana haƙuri a mayar masa. In babu shi, ba mu da kai." Maganar ta tsaya wa malamin a rai, domin shekara biyu yana neman kan nan a aji bai same shi ba. Ya ce zai mayar, amma da sharaɗin a bar shi ya zauna a fadarsu ya ga abin da idonsa.

Sunan wasan Free Fire. Kamfanin Garena na ƙasar Singafo ne ya fito da shi a shekarar 2017, kuma a 2019 babu wasan salula da aka sauke a duniya kamarsa. Yana da ƴan'uwa masu kama da shi, irin su PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty Mobile na 2019, amma shi ya fi su shiga ƙananan garuruwa, saboda yana tafiya ko a waya mai araha, kuma zagaye ɗaya kamar minti 10 ne. Jirgin sama yana ratsawa ta kan wani tsibiri da ƴan wasa 50, kowa ya diro da lema hannu rabbana. Sai an shiga gidaje ake tsintar bindiga da harsashi da sulke da akwatin magani. Akwai da'ira a kan taswira mai ƙara matsewa lokaci bayan lokaci, wanda ya tsaya wajenta ransa ya dinga raguwa, don haka ɓoyo ba ya ɗorewa. Ana iya shiga mutum huɗu a matsayin ƙungiya ɗaya, kuma ƙungiyar da ta rage a ƙarshe ita ce da nasara.

A kan tabarma, kusa da butar shayi, malamin ya ji muryar da bai taɓa ji ba. Ɗan ƙanwarsa ne ke zaɓen inda za a sauka, nesa da cunkoso. Shi ke cewa wane ya hau tudu ya yi gadi, wane ya bi ta hagu, kada kowa ya yi harbi sai ya ce, domin ƙarar bindiga tana tona asirin wurin mutum. Yana sauraren takun ƙafar abokan gaba ta abin kunne, yana lissafin lokacin matsewar da'ira, yana raba harsashi tsakanin mai yawa da marar shi. Duk wannan da Hausa tsantsa, gajeriya, babu in'ina. Da aka harbi ɗan kabu-kabu ya faɗi yana rarrafe, yaron bai ruga ba. Ya sa mai caji ya kafa katangar ƙanƙara, wata kariya da ake dasawa nan take, ya sa yaron tela ya janye hankalin maharba ta wani gefe, sannan shi ya lallaɓa ya tashe shi. Mai tayar da wani ba ya iya harbi a ƴan daƙiƙun nan. Ransa yana hannun sauran biyun.

A nan ne malamin ya gane abin da yake kallo, domin ya taɓa yin sa da ƙafa ɗaya. Lokacin ƙuruciyarsa, idan kaka ta yi aka kai gero rumbu, farin wata ya fito, yaran unguwa sukan rabu biyu a dandali su yi langa. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, wanda ya saki ko ya faɗi ya mutu. Kowane ɓangare yana da ruwa, sauran kuwa dawakai ne, aikinsu su tare abokan gaba su buɗe hanya har ruwansu ya kai ya sha. Ƙarfi kaɗai ba ya cin langa. Ƙaton da ya bar ruwansa ya tafi neman suna, shi ke jawo wa ɓangarensa faɗuwa. Ya tuna wani siririn yaro da ba ya iya ture kowa, amma kullum ana rububinsa, saboda shi ya san wanda za a sa gaba da lokacin da ruwa zai zame ta gefe.

Ya koma gida da tunanin cewa bindigar da ta tsorata shi ba ita ce ke riƙe yaran ba. Abin da ke riƙe su shi ne mutum uku da ke jiran mutum, waɗanda rashinsa ke yi musu ciwo. A aji mai cike maƙil, inda ake magana da Faransanci, ɗan ƙanwarsa zai iya yin mako ba ya nan, in ba don kiran suna ba babu mai lura. A fada kuwa dare ɗaya ya ɓace, aka aiko wakilai.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, kuma yana da hujja. Langa ba ta cin ko dala, kuma in wata ya faɗi ko gajiya ta zo, dole a watse. Wannan wasa yana cin kuɗin intanet da na caji, yana kuma tallar lu'ulu'un da ake saye da kuɗi na gaske don tufafi da adon bindiga, ga shi ba ya da faɗuwar wata: zagaye na ƙarewa wani na jira. Kuɗin karin kumallon da ake ba yaron can suke tafiya, barcin da yake yi a darasin farko kuma daga can yake. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A ƙasar da Diffa ta sha hare-haren Boko Haram tun 2015, ƙauyukan kan iyaka na jihar Maraɗi kuma suka san ƴan bindiga masu satar mutane, bai ji daɗin yadda yara ke furta sunayen bindigogi kamar sunayen ƴan ƙwallo ba. A salula wanda ya faɗi ana tashe shi. Ɗaliban tarihi ya kamata su san inda ba a tashi.

Washegari ya kira yaron bayan sallar asuba. Ya ce: "Wayarka tana wurina daga Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi taka ce." Yaron ya ce: "To, Kawu." Malamin ya ƙara da cewa: "Jiya na ji ka iya magana." Yaron bai amsa ba.

A makon da ya biyo baya ya raba ajinsa huɗu-huɗu, ya ba kowace ƙungiya yanki ɗaya na tarihin daular Damagaram, ya ce maki ɗaya za a ba su duka, kuma shi zai zaɓi wanda zai tashi ya yi bayani. Ya yarda su tattauna da Hausa kafin su rubuta da Faransanci. Wasu ƙungiyoyin suka ɓata lokacin da surutu, wasu suka jibga wa mai ƙoƙarinsu aikin. Ta ɗan ƙanwarsa ta zo ta uku, kuma shi ya raba wa kowa abin da zai riƙe.

Ranar wata Asabar da yamma, shi da wasu malamai biyu na ƙungiyar raya al'adu suka ja layi a ƙasa ƙarƙashin gawo, suka tara yara don langa. Yawancinsu ba su taɓa kama ƙafa ba, suka yi ta zubewa ana dariya. Kafin zagaye na biyu, malamin ya hango ɗan ƙanwarsa ya ja mutanensa gefe, ya tsuguna yana zane da tsinke a cikin rairayi, yana nuna wa ruwa inda zai bi.