Taswirar da na liƙa a bango

Har yanzu akwai tabon gam a bangon shagon da muka kama haya a Warra, inda na liƙa taswirar tafkin Kainji. Da jan biro na zazzana kibiyoyi a kanta: daga Warra zuwa Yauri, daga Yauri zuwa Shanga, a tsallaka ruwa zuwa Malale, sannan wata doguwa ta gangara har Onitsha, inda ake sauke kwalayen bandar kifi. Kowace kibiya da watan da na yanka mata. Manhajar waya muka haɗa, ni da samari uku, don dillalan kifi su riƙa rubuta wanda suke bi bashi da yawan kwalin da suka ɗora a mota.

A cikin samarin akwai ɗan Sarkawa, wanda ya iya shanyar warangi tun kafin ya iya karatu. Wata rana ya ce mini, "Yaya, bashin masunci ba a ajiye shi inda wani zai gani. Dillali ya saya maka raga, ya gyara maka injin jirgi, kai kuma duk abin da ka kamo shi za ka kai wa har ka biya. Lissafin a ka yake, kuma sirri ne." Na ce masa aikin kwamfuta na ɗauke shi, ba wa'azi ba. A gaban sauran na faɗa. Daga ranar bai ƙara kawo shawara ba, ni kuwa na ɗauka ya gamsu ne.

Sai ga canjin kuɗi. A farkon 2023 Babban Bankin Najeriya ya sa 10 ga Fabrairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Kifi kuwa ba ya jiran banki. Karfasa da giwan ruwa na fitowa, babu abin biya, bashi ya yi wa kowa yawa, mutane suka shiga neman inda za su rubuta. Masu sauke manhajarmu suka yi ta ƙaruwa. Abin da wahala ta kawo, na ɗauka basirata ce. Na ci bashi, na ƙara ma'aikata, na saya wa wakilinmu na Yauri babur. Ba na shiga gida sai yara sun yi barci, tsakar dare kuma in farka in lalubo waya ina ƙirga sababbin shiga.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Kafin damina ta sauka, manhajar ta yi tsit. Ashe waɗanda suka sauke kawai nake ƙirgawa. Ban taɓa duba mutum nawa ke sake buɗe ta washegari ba.

Na je bakin ruwa wajen wani dattijon dillali, wanda yana yaro ruwan madatsar Kainji ya cinye tsofaffin garuruwa a 1968. Na same shi gaban banda, hayaƙi na tashi. Na ce, "Baba Alhaji, me muka yi kuka guje mu?" Ya goge man kifi a gefen riga, ya zaro waya mai tsagaggen gilashi, ya danna mini saƙon murya na WhatsApp daga mai karɓar kayansa a kudu. Ya ce, "Ɗana, ka ji yadda nake kasuwanci. Ban yi boko ba. Taku ɗin jikana ke danna mini, kuma duk wanda jikana ya san ina binsa, to gari ya sani."

Maganar yaron nan ɗan Sarkawa ce, ba ragi ba ƙari. A lokacin ya riga ya ajiye aiki. Na iske shi gidansu yana ɗinke raga, na roƙe shi ya biyo ni shago, domin tunda a gaban mutane na ci masa fuska, a gabansu ya kamata in ba shi haƙuri. Sai da na yi sawu uku ya yarda.

Shi ya cire shafin bashin gaba ɗaya. Yanzu abu ɗaya manhajar ke yi: tana faɗa da murya ranar da mota za ta tashi da farashin kwali a ranar. Ba mu wuce Warra da Yauri ba, bashin babur ma ban gama biya ba, amma da ni ake cin tuwon dare a gida.

Taswirar kuwa 'yata ta lulluɓe littafin lissafinta da ita. Kibiyar Onitsha ta faɗo daidai inda ta rubuta sunanta da ajinta.