Lissafin Baka Da Lissafin Boko A Unguwar Mafoni

Matafiyin da ya taso daga Kano da asuba ya nufi gabas, ya bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, in hanya ta yi masa kyau kafin la'asar sakaliya zai hango ƙofar Maiduguri, bayan tafiyar kilomita wajen 600. Abin da zai fara tarbarsa shi ne inuwar darbejiya wadda ta rufe manyan tituna, sa'an nan kuma kekuna masu ƙafa uku suna kai da kawowa kamar tururuwa, domin tun cikin 2011 aka hana acaba a garin. In ya ce a kai shi Mafoni, direba ba zai yi masa tambaya ta biyu ba. Zai nutsa da shi cikin tsohon garin Yerwa, inda unguwannin Shehuri da Limanti da Hausari da Fezzan suke, kusa da Dandal da fadar Shehun Barno.

Ga ido Mafoni ba ta da wani abin da ya bambanta ta da maƙwabtanta. Lunguna ne da zauruka, da masallatan unguwa, da 'yan kantuna a jikin gidaje, da ƙamshin turaren wuta da ke fitowa ta kowace kafa, wanda matan Barno suka yi fice da shi. Amma sunanta ya girmi garin da take cikinsa. Lokacin da Turawan Ingila suka iso Barno cikin 1902, shekara biyu bayan an kashe Rabe a Kusuri, a wani ƙauye da ake kira Mafoni suka kafa sansanin soja. A nan aka binne wani hafsan Bature mai suna Claud Alexander cikin 1904, aka kuma kawo gawar wansa Boyd, mai yawon binciken ƙasa, aka binne kusa da shi cikin 1910. Shehu Abubakar Garbai bai kafa Yerwa ba sai cikin 1907. Watau tun kafin a aza tubalin fada, sunan Mafoni ya riga ya shiga takardun Turawa, kuma daga waɗannan takardu ne haraji da jangali da Baitulmalin En'e suka biyo baya, tare da akawunan da ke rubuta kowane sisi da kwabo.

Kada mai karatu ya zaci Turawa ne suka koya wa Barebari lissafi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kukawa cikin 1851, ya kuwa sha wuya a babbar kasuwar garin da ke ci ran Litinin. Ya tarar ana ciniki da kuɗi iri-iri: da dalar azurfa ta Mariya Tariza, da wuri, da sawayen farin saƙi da ake kira gabaga, da wani tsohon ma'auni wai shi ratal. Wuri 8 shi ne gabaga guda, gabaga 4 kuwa ratal guda, amma yawan ratal da dala za ta saya ba shi da tsayayyen ƙa'ida, yau ya hau gobe ya sauka. Manomin da ya kawo hatsi kuma sau da yawa ba ya karɓar dala, ba ya son wuri, sai mai saye ya canza dalarsa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sa'an nan ya ba da rigar ya karɓi gero. Mutanen da suka iya riƙe wannan duka a ka, ba alƙalami ba takarda, ba za a ce musu jahilan lissafi ba.

Jikokinsu ne ke cin Kasuwar Litinin ta Maiduguri, wadda sunan ne kawai ya rage mata na mako-mako, don kullum ci take. Mutanen tsohon gari, har da na Mafoni, da yawansu can suke neman abinci, wasu kuma a kasuwar Gamboru ko kasuwar kifi ta titin Baga. Cinikinsu ya taɓa ƙasashe uku, Kamaru da Cadi da Nijar, saboda haka ɗan kasuwar Yerwa ya san farashin sefa kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Jarinsa na gaske kuwa amana ce. Ana ba shi kaya daga Kano ko Anaca ba tare da ya biya ba, shi ma ya ba wani a Gamborun Ngala ko Banki, kowa ya san abin da ake binsa. In an rubuta, to, a wani ɗan littafin makaranta ne da ke cikin akwatin kanti, galibi da ajami ko da wasu alamomi da mai shi kaɗai ya san fassararsu. Ta wannan hanyar kasuwa manyan attajiran garin suka taso, irin su marigayi Alhaji Mai Deribe, da Alhaji Muhammadu Indimi wanda ya fara da cinikin fatu da ƙiraga kafin ya shiga harkar man fetur.

To, daga irin waɗannan gidaje ne yanzu ake samun samari da 'yan mata da ke tare keke da safe, su haye kogin Ngadda, su kama titin Bama, su wuce Asibitin Koyarwa, su sauka a ƙofar Jami'ar Maiduguri domin neman digiri na biyu a fannin lissafin kuɗi ko harkar banki. An kafa jami'ar cikin 1975 a kan harsashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Jihar Arewa Maso Gabas, kuma cikin watan Yuli na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar sa mata sunan marigayi Muhammadu Buhari. Duk tsananin rikicin da ya fara cikin 2009 ba ta rufe ƙofa saboda shi ba, har a 2017 da 'yan ƙunar baƙin wake suka kai mata hari, aka haƙa mata ganuwar rami ta bayanta. Wanda ya yi karatu a irin wannan hali, ko ba komai ya cancanci a jinjina masa.

Hanyar shiga ba ɗaya ba ce. Mai digiri na farko da takardar bautar ƙasa yana iya neman digiri na biyu kai tsaye. Mai babbar difloma, kamar wanda ya fito daga Kwalejin Ramat da ke nan garin, a bisa al'adar jami'o'in Nijeriya sai ya fara yin diflomar gaba da digiri tukuna. Daga nan hanya ta rabu biyu: akwai digirin bincike, wanda ake rufewa da rubuta kundi, shi ne na mai son koyarwa ko zarcewa digiri na uku, akwai kuma MBA, wanda aka tsara domin ma'aikata da 'yan kasuwa. Abin da ɗalibai da yawa ba su ganewa da wuri shi ne, digiri kowane iri ne ba ya mai da mutum cikakken akanta a idon doka. Wannan hurumin ƙungiyoyin sana'ar ne, watau ICAN da dokar majalisa ta kafa cikin 1965, da ANAN wadda aka kafa 1979 ta sami dokarta 1993, take kuma da kwalejinta kusa da Jos. Sai mutum ya ci jarrabawarsu zai shiga sahun da marigayi Akintola Williams ya buɗe wa 'yan Nijeriya cikin 1949. Kuɗi biyu ke nan, wahala biyu, kuma galibi aljihun uba ɗaya ne ke biya.

Shin me ɗan Mafoni zai koyo a titin Bama wanda babansa bai sani ba? Ba tarawa da ɗebewa ba ne, don a nan tsohon zai kayar da shi ko da kwamfuta a hannunsa. Abu na farko shi ne raba aljihun kanti da aljihun gida. A yawancin rumfuna akwati ɗaya ne: daga ciki ake sayo kaya, daga ciki ake cefane, daga ciki ake biki da suna da taimakon dangi, ba wanda ya san inda riba ta ƙare aka fara cin uwar kuɗi. Na biyu shi ne rubuta kowane kwabo sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, dabarar da Luca Pacioli na Italiya ya bayyana a littafi tun 1494, yadda in lissafi ya ƙi daidaita za a san akwai kuskure ko akwai hannu.

Na uku ya fi su cizo a wannan zamani. A ɗauki misali mutum ya sayo buhun kaya a kan naira 40,000, ya sayar a kan 46,000, ya kwana da murnar ya ci ribar 6,000. Da ya koma sari sai ya tarar buhun ya koma 50,000. Riba ce ya ci ko kuwa jarinsa ne ya ragu da 4,000? Tun da aka saki naira ta nemi farashinta da kanta cikin watan Yuni na 2023, wannan tambaya ta daina zama ta ɗakin karatu. Mai sayar da kaya bashi ga abokin ciniki a Kusuri ko Difa, wanda zai biya bayan wata uku, yana iya tashi da kuɗi masu yawa a hannu alhali kuwa rumfarsa tana ƙara zama fayau. Har zakka ma, da take kashi ɗaya cikin 40 na dukiyar ciniki, ba ta fita daidai sai an san ƙimar hajar da ke ƙasa da bashin da ake sa ran karɓa. Malaman Limanti ba su buƙatar a tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Shekaru biyu a jere suka nuna wa Yerwa inda lissafin baka yake da rauni. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, ciniki ya koma ta waya da na'urar cire kuɗi, dattijon da bai taɓa yarda da banki ba ya koma yana miƙa wa ɗansa waya ya duba masa ko kuɗi sun shigo. Ana cikin haka, da asubahin ran 26 ga Fabrairu, kashegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye Kasuwar Litinin. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba da sanarwar agajin gaggawa na naira biliyan 1, daga baya kuma aka sake gina kasuwar. Ba a gama farfaɗowa ba sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ran 10 ga Satumba, 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga kasuwar, ya shiga fadar Shehu, ya shiga Asibitin Koyarwa da unguwanni masu yawa. Wuta da ruwa ba su bambanta atamfa da littafin bashi. Wanda lissafinsa ke cikin akwatin rumfa kaɗai, ya rasa kaya ya kuma rasa shaidar cewa ya taɓa mallakarsu. In mai bin sa bashi ya zo da adadi, ba shi da abin musu, in shi ya je bin nasa, sai abin da mai tsoron Allah ya tuna.

Da haka sai a zaci ɗan da ya yi digiri na biyu rumfar ubansa zai koma. Ba kasafai ba. Idon yawancinsu yana kan banki, ko ofishin Babban Akanta na jiha, ko ƙungiyoyin agaji na duniya da suka cika Maiduguri bayan rikici, waɗanda kowace tana buƙatar jami'in kuɗi mai iya rubuta rahoto yadda masu ba da tallafi ke so, albashinsu kuwa ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba. Suna kuma da abin nuni a gabansu: Alhaji Kashim Shettima ya yi digirin farko a wannan jami'a, ya yi na biyu a Ibadan cikin 1991 kan tattalin arzikin noma, ya bar koyarwa ya shiga banki, ya riƙe reshen Zenith na Maiduguri, ya zama Kwamishinan Kuɗi cikin 2007, daga nan Gwamna, har Mataimakin Shugaban Ƙasa cikin 2023. Wa zai ga wannan ya ce shi awon atamfa zai koma? Sai dai kujerun banki ƙididdigaggu ne, rijiyar ƙungiyoyi kuma ta nuna tana iya ƙafewa tun da Amurka ta datse tallafin da take bayarwa a farkon 2025.

Laifin ba na 'ya'ya kaɗai ba ne. Dattijon kasuwa yana iya biya wa ɗansa kuɗin makaranta shekara da shekaru ba ya ƙorafi, amma ran da yaron ya ce, "Baba, a ba ni littafin in duba," sai fuska ta canza. Sirrin dukiya a wurinsa kamar sirrin ciki ne, ba a buɗe wa na ƙasa, balle a ce a kai wa odita ko ma'aikacin haraji. Ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa, wadda ta nisanta mutane da yawa daga lamunin banki, ko da yake tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki aka sami wata ƙofa, kuma ita ma ba ta buɗewa sai an nuna rubutaccen lissafi. Sakamakon wannan ɓoyo a wajen rabon gado yake fitowa. Mai dukiya ya rasu da lissafinsa a ka, magada su zauna ba su san abin da ke Kano ba, ba su san na Injamena ba, rumfar da aka yi shekara 40 ana ginawa ta watse kafin matansa su fita takaba.

Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu cikin watan Yuni na 2025 sun ɗauke wa ƙananan kamfanoni harajin kamfani, amma wanda zai ce shi ƙarami ne, da takarda zai tabbatar. Kaɗan-kaɗan dai ana samun gidajen da aka yi sulhu tsakanin lissafin biyu. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a zaure, tsoho ya jingina da bango yana jero sunayen masu bashi da adadinsu ɗaya bayan ɗaya, na naira daban, na sefa daban, ɗan kuwa yana shigarwa a kwamfuta yana duban sauran cajin da ya rage mata. In jimla ta saɓa, yawanci yaron ne ke komawa baya ya nemo layin da ya tsallake.