Shirin Rihlarmu Zuwa Bahar Maliya

 Tun farkon shekara kuna ganinmu muna zagayawa da gwangwanin asusu, wasu har suna mana tsiya cewa ƴan Kasala da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce Gash ba, wai su ne za su nutsa cikin teku. Tun da kuɗinku ne a ciki, kuma ƴaƴanku ne za su tafi, ya kamata ku ji inda shirin ya kwana.

Mu ashirin da uku ne a ajin ƙarshe, maza da mata. Mun zaɓi Bur Sudan don tafiyar yini ɗaya ce a mota, kuma abin da masu nutso suka riƙa tasowa tun daga Turai su gani yana nan a gabarta. Akwai Sanganeb, tudun murjani a tsakiyar teku mai hasumiyar fitilar jirage a kansa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016. Akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa ɗakunan zama a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Wanda ya fi ɗauke mana hankali shi ne Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da hannunsu a Yunin 1940 don kada Ingilishi su ƙwace bama-baman da ya ɗauko. Har yau yana kwance a gefensa kusa da tashar jirage, kifaye na shiga suna fita ta tagoginsa.

Ranar da muka gama jin wannan labari, kowa cewa yake shi fa sai ya taɓa Umbria da hannunsa. Malam ya bari muka gama surutu, sannan ya ce wanda ya iya iyo ya ɗaga hannu. Hannu biyar suka tashi. To ina za mu koya? Gash ɗinmu ƴan watannin damina kawai yake kawo ruwa, shi ma da ƙarfin da ba uwar da za ta bar ɗanta ya shiga, sauran shekara kuwa rairayi ne muke buga ƙwallo a kai.

Da muka bincika sai muka tarar nutso da tulun iska karatu ne mai zaman kansa. Kwas ɗin farko na PADI yana cin kwana uku zuwa huɗu, kuma kafin a ba ka takarda sai ka yi iyon mita 200, ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Dalilin tsananin shi ne nauyin ruwa. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na bakin gaɓa sau biyu. Kunne ne ke fara faɗa maka, shi ya sa ake toshe hanci a hura a hankali ana sauka. Iskar da ka shaƙa a can ƙasa kuma tana buɗewa yayin da kake hawowa, don haka wanda ya firgita ya riƙe numfashi ya yunƙuro sama yana iya fasa huhunsa. Mai asma ma sai likita ya duba shi tukuna. Wallahi a nan bakin da yawa daga cikinmu ya mutu.

Daga nan gardama ta tashi, mako biyu muna yi. Masu iyo suka ce a biya musu cikakken kwas, sauran su yi kallon gari. Lissafi ya nuna hakan zai cinye fiye da rabin asusun a kan mutum biyar. Wata ƴar ajinmu ta ce ita mahaifiyarta da kuɗin tallan gyaɗa ta zuba, ba kuma don ta zauna a bakin ruwa tana tsaron takalman wasu ba. Mu dai a ganinmu ita ke da gaskiya, kuma a kan maganarta aka yanke. Kowa zai shiga kwale-kwale. Kowa zai sa rigar da ke hana nutsewa, da tabarau da bututun numfashi, ya kifa fuska a ruwa marar zurfi, domin murjani mai son hasken rana ne, mafi kyawun launinsa yana kusa da sama. Mata za su shiga rukuninsu daban tare da malama, cikin sutura mai rufe jiki wadda ba ta shan ruwa ta yi nauyi. Su biyar ɗin za su yi nutson gwaji na rabin yini, mai koyarwa na riƙe da su, ba kuma za su wuce mita 12 ba. Umbria sai wani jiƙon.

Abin da ba mu taɓa zato ba shi ne nutson nan zai tsara mana har kwanakin tafiyar. Mai nutso yana fitowa da ragowar iskar naitirojin a jininsa, kuma in ya hau wuri mai tudu da wuri tana iya yin kumfa ta jawo ciwon gaɓoɓi ko abin da ya fi haka. Shi ya sa ake hana shi hawa jirgin sama sai ya huta, da yawa ma kan ce a ba shi yini guda cur. Mu ba jirgi za mu hau ba, amma hanyar gida tana hawa duwatsu ta Sinkat, kuma Arkawit da muke son gani ya haura mita 1,000. Saboda haka Arkawit a hanyar zuwa za mu tsaya, teku a rana ta biyu da ta uku, rana ta huɗu kuwa ba mai hawa ko'ina.

Wannan rana ta huɗu ta Sawakin ce, kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan. Tsohon garin da dutsen murjani aka gina shi, wato abin da muka kalla a ruwa jiya shi za mu gani a bango yau. Tun da aka fara gina Bur Sudan a 1905 jirage suka koma can, gidajen suka riƙa zubewa. Tsofaffin unguwarmu sun fi mu ɗokin wannan ranar, don ta nan kakanninmu da suka taso daga Kano, Sakkwato da Damagaram a ƙafa suke tsallakawa Jidda. Wani dattijo ya ce mu tsaya a bakin mashigar mu duba masa ko ruwan yana nan shuɗi kamar yadda mahaifinsa ke faɗa.

Lokaci kuwa sai hunturu, Disamba ko Janairu, don zafin Bur Sudan na tsakiyar shekara yana wuce digiri 40 ga gumi. Kuɗin mota da masauki sun kammala, na kwale-kwale ne da saura. Takardar amincewar iyaye tana hannun Malam, da tambayoyin lafiya a bayanta, muna roƙo a cike su da gaskiya ko da yaro zai yi fushi. Mai busasshiyar kuɓewa ko garin tuwo da zai taimaka mana da shi na guzuri, ya aiko kafin ƙarshen wata.